Ɓera ne ya sa na ɗaure wa saba waya biyu

Ranar wata Talata a watan Disamba na 2023, da hantsi, wayata ta yi ƙara ina kan babur. Daga asibitin da nake kula wa da kwamfutoci ne, wani asibiti mai zaman kansa a nan Kano. Matar da ke ɗakin kati ce, muryarta har rawa take yi: "Injiniya, komai ya tsaya. Ba a iya buɗe kati, kantin magani ba sa ganin abin da likita ya rubuta, mutane sun cika benci."

Da na isa na tarar da saba, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin asibitin ke ɗauko bayanai daga gare ta, lafiyarta ƙalau, fankokinta na juyawa, fitilunta kore. Tsohuwar Dell PowerEdge R730 ce da aka sayo ta hannu, tana ɗauke da Ubuntu Server 22.04, wani nau'in Linux, kuma a kanta manhajar bayanan marasa lafiya take. Na zagaya bayanta sai na ga fitilar kafar netwok a mace. Saba tana wani ɗan ɗaki kusa da ofishin kati, suwic kuma, wato na'urar da wayoyin kwamfutocin duka ke haɗuwa a cikinta, yana cikin akwati a bangon baranda, tsakaninsu kamar mita 25, waya ɗaya tal ta bi ta cikin silin ta haɗa su. Yaron da ke koyon aiki a wajena ya hau tsani da tocila, can sai na ji muryarsa daga sama: "Oga, ɓera ne. Ya cinye ta kamar rake."

Awa uku asibiti ya yi yana aiki da biro da takarda kafin mu gyara wayar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan wannan saba akwai kafofin netwok huɗu a jere, eno1 zuwa eno4, ɗaya kawai ke aiki, ukun ƙurar hunturu ce ke kwana a cikinsu. Ni na karɓi aikin a haka, kuma shekara guda ina kallonsu ban yi komai ba.

Da yamma na shiga ofishin mai asibitin na ce ina so a ba ni dare ɗaya in ɗaure kafofi biyu su zama ɗaya, yadda in waya ɗaya ta mutu ɗayar za ta ci gaba da ɗaukar kaya. Ya ɗago kai ya ce, "Wato gudun zai ninka ke nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kusan haka." Wannan "kusan haka" ita ce kuskurena na farko, kuma sai da ta dawo ta same ni.

Wannan ɗaurin kafofi, abin da ake kira bondin a Linux, ba sabon abu ba ne, yana cikin kanel, wato zuciyar Linux, tun da daɗewa. Ana ƙirƙirar wata kafa ta ƙarya, galibi a sa mata suna bond0, a ɗora mata lambar IP, wato adireshin injin a netwok, sannan a sa kafofin gaskiya a ƙarƙashinta. Manhajoji ba sa sanin waya nawa ce a ƙasa, su dai bond0 suke gani. Salo bakwai gare shi, daga 0 zuwa 6, amma a irin aikinmu biyu ne ake yawan tsayawa a kai. Na 1, active-backup, waya ɗaya ke wasa ɗayar tana benci, sai ta farko ta faɗi a sako ta. Kyansa shi ne ba ruwansa da suwic, ko irin ɗan ƙaramin nan mara saiti ne zai yi. Na 4 kuma shi ne 802.3ad, wanda aka fi sani da LACP. Ƙa'ida ce ta ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE da ta fito a 2000, daga baya a 2008 aka mayar da ita ƙarƙashin 802.1AX, amma tsohon sunan ya manne. A nan wayoyin biyu duk suna aiki lokaci guda, sai dai dole suwic ya san da maganar, domin saba da suwic aika wa juna ɗan saƙo suke yi a kai a kai, kowa yana tabbatar wa ɗan'uwansa cewa wayoyin nan biyu tafiyarsu ɗaya. Suwic ɗin asibitin Cisco Catalyst 2960G ne, ya iya LACP, don haka na zaɓi na 4.

Muka sa ranar Asabar bayan sallar isha, lokacin da ɗakin kati ke rufewa, sai 'yan gado da ma'aikatan dare. Tun da rana yarona ya ja sabuwar waya ta biyu, na kuma hana shi bin silin. Na ce ya bi bango da ita cikin roba, ko da za ta fi tsawo. In wayoyin biyu suka kwanta wuri ɗaya a silin, ɓeran da ya ci ɗaya ba zai yi wa ɗayar kara ba.

Na zo da allo da madannai na jona kai tsaye a jikin saba. Mai taɓa saitin netwok daga nesa ta SSH yana saran reshen da yake zaune a kai ne, na taɓa yi a wani wuri, na kwana ina jiran gari ya waye a buɗe mini ƙofa. Abu na farko, na kwafe tsohon fayil, /etc/netplan/00-installer-config.yaml, na ajiye a gefe. Na biyu, na tabbatar wace kafa ce wace. Rubutun da ke bayan ƙarfen ya goge, don haka na buga ethtool -p eno2, fitilar kafar ta fara ƙyafce, yarona ya ɗora mata ɗan salatif ya rubuta 2. Ƙaramin abu ne, amma na sha ganin wanda ya ɓata awa guda yana gyaran kafar da ba waya a cikinta.

Tun daga 17.10 Ubuntu ta koma amfani da netplan wajen saita netwok, kuma ana rubuta saitinsa da wani tsarin rubutu mai suna YAML. Ga abin da na rubuta:

network:
  version: 2
  ethernets:
    eno1:
      dhcp4: false
    eno2:
      dhcp4: false
  bonds:
    bond0:
      interfaces:
        - eno1
        - eno2
      addresses:
        - 192.168.10.5/24
      routes:
        - to: default
          via: 192.168.10.1
      parameters:
        mode: 802.3ad
        mii-monitor-interval: 100
        transmit-hash-policy: layer3+4

Lambar IP ta tashi daga kan eno1 ta koma kan bond0, kafofin biyu suka zama ba su da komai nasu. Ɗari ɗin nan ta mii-monitor-interval milisakan ce, wato sau goma a kowace daƙiƙa kanel yana leƙa kowace waya ya ga tana da rai. Tsohon fayil ɗin yana da gateway4, netplan na 22.04 yana ƙorafi a kanta cewa an daina yayinta, sai na musanya ta da routes tunda dama na buɗe fayil ɗin.

YAML masifaffe ne a kan tazara. Hannuna ya saba da maɓallin Tab, na danna shi a layi ɗaya ba tare da na lura ba, netplan generate ya ƙi karɓa. Minti goma ina kallon layin da ido bai ga laifinsa ba, sai da na goge tazarar na sake bugawa da sarari.

Na yi niyyar amfani da netplan try, wanda ke ɗora sabon saiti ya jira daƙiƙa 120, in ba ka tabbatar ba ya mayar da tsohon da kansa. Wannan ita ce igiyar da nake taƙama da ita. Na buga, sai ya ce mini a'a: mayar da saiti baya ba ya yiwuwa idan akwai bond mai nasa parameters, in duba fayil ɗina da kyau in yi netplan apply kai tsaye. Na yi dariya ni kaɗai. A aikin da ka fi buƙatar igiyar, a nan ne babu ita. Allah ya sa ina zaune gaban injin.

Na yi bismilla na buga netplan apply. Allo ya yi shiru na 'yan daƙiƙu. ip a ya nuna bond0 da lambarta, eno1 da eno2 kowace an rubuta master bond0 a gabanta. Na aika ping, ɗan saƙon gwaji, zuwa rauta, amsa ta dawo. Yarona ya buɗe manhajar asibiti a laftof ɗinsa, ta buɗe. Ya ce, "Oga, shi ke nan? Wallahi na ɗauka za mu kwana."

Nan ne tarkon yake, kuma da gajiya ta ci ni da na faɗa. Ban taɓa suwic ba ko kaɗan, amma komai yana aiki. Dalili shi ne idan bond na 802.3ad bai sami abokin magana a ɗaya ɓangaren ba, ba ya mutuwa, yana zaɓar waya ɗaya ne ya ci gaba da ita. Ping ba zai taɓa faɗa maka wannan ba. Mai faɗa maka gaskiya shi ne fayil ɗin /proc/net/bonding/bond0, kuma sai ka karanta shi da sudo, in ba haka ba wasu layukan LACP ba za su fito ba. Na buɗe na nuna wa yaron. Number of ports: 1. Partner Mac Address kuwa, wato adireshin abokin maganar, sifili ne daga farko har ƙarshe. A ƙasa, eno1 tana da Aggregator ID 1, eno2 tana da 2. Na ce masa, "Ka ga wannan? An ɗaura aure amma dangin amarya ba su sani ba."

Muka kwashi laftof muka koma baranda. Na jona shuɗiyar wayar kwansol ɗin nan ta Cisco, gudu 9600, na zauna a kan bokitin fenti da Baba maigadi ya miƙo mini. Sanyi ya fara sauka, wata ma'aikaciyar jinya ta wuce da tire tana kallonmu kamar ɓarayi. Wayoyin saba suna kafa ta 11 da ta 12, don haka:

interface range gi0/11 - 12
channel-group 1 mode active

Kalmar active ita ce mai muhimmanci. Akwai mode on, wanda ke ɗaure kafofin da ƙarfi ba tare da LACP ba, kuma in ka haɗa shi da saba mai jiran LACP, suwic zai riƙa tura kaya ta wayar da saba ba ta saurare, wasu kwamfutoci su samu wasu su rasa. Irin matsalar da ke sa mutum ya fara zargin aljanu.

Na buga show etherchannel summary ina jiran ganin harafin P gaban kafofin biyu, alamar sun shiga ɗauri. Ta 11 ta ba ni P. Ta 12 ta ba ni ƙaramin s, wato an dakatar da ita.

A nan muka ci kusan awa ɗaya, kuma rabinta laifina ne, domin saiti na yi ta zargi. Na sake karanta YAML, na kwatanta VLAN na kafofin biyu, na kashe kafar na kunna. Sai can na koma ga abin da ya kamata in fara dubawa: ethtool eno2. Speed: 100Mb/s. Ita kuwa eno1 tana kan 1000. LACP ba ya ɗaure wayoyin da gudunsu ya bambanta, shi ya sa suwic ya ajiye ta gefe.

Waya ce, sabuwar da aka ja da rana. A cikin kebul na netwok silli takwas ne, an murɗe su biyu-biyu. Gudun megabit 100 huɗu kawai yake buƙata, na 1, 2, 3 da 6, amma gigabit sai duk takwas sun kai. Idan ɗaya ya kuskure, fitila za ta kama, netwok zai yi aiki, sai dai ya sauko 100 a ɓoye. Muka sa abin gwajin waya, fitilunsa suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, da aka zo ta 8 ta ƙi kamawa. Na haska kan wayar da tocila, ga silli mai ruwan ƙasa bai kai ƙarshe ba, haƙorin ya cije iska.

Yaron ya sunkuyar da kai. Na ce, "Yanke ka sake, ba ni zan yi ba." Ya feƙe, ya jera yana faɗa a hankali kamar mai tilawa: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ya daidaita bakinsu da almakashi, ya tura har sai da jan ƙarfen kowane ya bayyana a goshin kan, sannan ya matse. Ban ga laifinsa sosai ba. Kebul ɗin da aka sayo irin mai arhar nan ne, alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, sillinsa na karyewa da an lanƙwasa shi sau biyu. Kasuwa ta cika da shi, kwalinsa kuma ba ya nuna bambanci sai ka kankare silli ka ga fari a ciki. Na rubuta a littafina cewa za a canza shi.

Aka mayar da waya. Ta 12 ta koma P. A saba, Number of ports ya zama 2, Aggregator ID na kafofin ya zama iri ɗaya, adireshin suwic ya maye gurbin sifilan nan. Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna.

Sai gwajin da saboda shi aka yi duk wannan. Na bar ping yana gudu daga laftof, na ce wa yaron ya zare wayar eno1. Ya tsaya yana kallona. "Oga, in cire? Da gaske?" Na ce ɓera bai nemi izini ba. Ya zare. Amsa ɗaya ta ɓace, sauran suka ci gaba da zuba. dmesg ya rubuta link status definitely down, Link Failure Count na eno1 ya koma 1. Ya mayar, muka jira ta dawo, ya zare ta biyu. Wannan karon ko ɗaya ba ta ɓace ba. Na sa shi ya buɗe katin gwaji a manhaja yana rubutu ina zare waya ina mayarwa, bai ji komai ba.

Ranar Litinin mai asibitin ya tare ni a baranda: "Injiniya, ina ninkin gudun? Ni ban ga bambanci ba." Gaskiyarsa. Na riga na gwada da manhajar auna gudu ta iperf3 a daren Asabar, kwamfuta ɗaya zuwa saba ta ba ni megabit 940 da 'yan kai, daidai abin da waya ɗaya ke bayarwa. LACP ba ya raba hira ɗaya gida biyu. Kowace hira tsakanin kwamfuta da saba ana yi mata lissafi a ɗora ta a kan waya ɗaya, a can za ta zauna, don kada ƙunshin bayanai su riƙa isa a hargitse, na baya ya riga na gaba. Layin nan na layer3+4 cewa yake a yi lissafin da lambar IP da lambar tashar manhaja, don hirarraki su fi warwatsuwa a kan wayoyin. Kuma wannan na kayan da ke fita daga saba ne kawai. Masu shigowa suwic ne ke raba su da nasa lissafin, wanda a 2960 yake zuwa a kan src-mac, na mayar da shi src-dst-ip. Ban da haka ma, ita kanta kwamfutar likitan waya ɗaya ce ta gigabit gare ta.

Ban faɗa masa duk wannan ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, gidan mai ne aka ƙara wa famfo na biyu. Motarka ba za ta cika da sauri fiye da da ba, amma layi zai ragu, kuma in famfo ɗaya ya lalace ba a rufe gidan." Na nuna masa gwajin da muka yi da laftof biyu lokaci guda, jimilla ta haura gigabit ɗaya da rabi. Ya gyaɗa kai, ya ce da na faɗi haka tun farko. Ban musa ba. Maganar gaskiya, asibitin ko kusa da cika waya ɗaya ba ya yi. Da active-backup na yi, da ya biya buƙatar da ta kawo ni, ba tare da zaman bokitin fenti ba. Son gwaninta ne ya kai ni na 4, ko da yake ban yi nadama ba, domin LACP yana gane wasu matsalolin da fitila ke kore amma ɗaya ɓangaren ya daina amsawa.

Ranar Laraba na shigo don wani aikin daban, firinta ce ta ƙi, na ce bari in leƙa bond ɗina. Partner Mac Address: sifili. Number of ports: 1. Gabana ya faɗi. Na tambayi Baba maigadi ko an taɓa akwatin baranda, ya ce ba wanda ya taɓa, sai dai daren Litinin an ɗauke wuta kuma janareta ya yi gardama kusan minti ashirin. Saba tana kan inbata, ba ta ji ba. Suwic kuwa ɗan UPS ɗinsa batir ya gaji, ya mutu ya tashi. A Cisco, abin da ka buga yana zaune ne a running-config, saitin wucin gadi, in ba ka kwafe shi zuwa startup-config da suwic ke tashi da shi ba, da wuta ta ɗauke ya tafi. Ni kuwa a daren Asabar murnar ganin P biyu ta sa na naɗe wayar kwansol ban buga write memory ba, umarnin da ke yin wannan kwafin. Kwana biyu asibiti na tafiya a kan waya ɗaya, babu wanda ya sani, har da ni.

Na sake zama a kan bokitin, na mayar da layukan, na buga write memory, na ga OK. Sannan na jira aka fita sallar azahar, layi ya yi sauƙi, na sanar da ɗakin kati, na zare wutar suwic ɗin da hannuna na mayar. Ya ɗauki mintunansa yana tashi, fitilu suka yi ruwan lemo suka koma kore, P biyu suka dawo da kansu. Ita ma saba na sake kunna ta a daren don in ga bond0 zai tashi ba tare da hannuna ba, ya tashi. Na kuma rubuta ɗan gajeren umarni a cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, da ke duba fayil ɗin /proc kowane minti biyar, ya turo mini saƙo in kafofin suka gaza biyu.

Saura abu ɗaya da bondin bai magance ba, na kuma rubuta shi a takardar da na miƙa: wayoyin biyu duk a suwic ɗaya suke ƙarewa. Ranar da shi ya ƙone, an koma biro da takarda. Maganinsa suwic na biyu ne, ko dai a yi active-backup kowace waya ta tafi nata, ko a sayi irin waɗanda ake haɗawa su zama kamar ɗaya don LACP ya ratsa su. Na sa farashi, na sa na batirin UPS, na sa na kwalin kebul na jan ƙarfe zalla. Mai asibitin ya sa hannu a kan batir da kebul nan take. Da ya zo kan suwic sai ya cire tabarau ya ce, "Injiniya, wannan a bari sai bayan an biya albashi."